AMSOSHIN WASIƘUNKU: Madara Da Manja Ba Sa Karya Gubar Maganin Feshi

  

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu da ke unguwar Darmanawa, cikin ƙaramar hukumar Tarauni a nan Kano. Sana'arsa renon dashe da furanni, sa'an nan yana da samari huɗu da ke bin gidaje da ofisoshi a Darmanawa da Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin Tarauni, suna aske shinge, suna yanke ciyawa, suna rage rassan itatuwa, suna kuma yin feshi. Ya jero mana tambayoyi huɗu. To, Malam, mun gode da wasiƙarka, Allah Ya bar zumunci. Kai kuma manomin da ke ƙauye, kada ka ce wannan zancen 'yan birni ne. Maganin da ake fesa wa fulawa a Gyadi-Gyadi shi ne dai wanda kake fesa wa wakenka da tumatirinka, don haka gyara zama ka saurara.

TAMBAYA TA FARKO: Yarana sukan yi kukan jiri da ciwon kai bayan feshi, ni kuwa nakan saya musu madara, wani lokaci in ba su manja su sha. Shin wannan yana karya gubar?

AMSA: Malam, ba ya karyawa. Mun san maganar ta bazu ko'ina, daga lambu har gona, amma ba ta da tushe a wurin likitoci. Da yawa daga cikin magungunan ƙwari suna narkewa ne a cikin mai, saboda haka maiƙon manja ko na madara yana iya sauƙaƙa musu hanyar shiga jini. Babbar ɓarnar kuwa ita ce ɓata lokaci. Ana can ana neman gwangwanin madara, ana cewa a bar shi ya ɗan kwanta zai wartsake, guba kuwa tana ta aikinta a jiki.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne ta inda gubar ke shiga. Yawancin mutane sun ɗauka sai an sha ta baki. A'a. Ƙofofi uku gare ta: baki, da hanci, da fata. A wurin mai feshi kuwa, fata ita ce babbar ƙofa. Dubi yaronka da injin feshi mai cin lita goma sha shida a bayansa, murfin yana yoyo, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ga rana, ga gumi. Wannan riga ta zama kamar tsumman da aka tsoma a guba aka ɗaura masa tun safe har azahar. Fatar kai da ta goshi da ta matse-matsi sun fi ta hannu saurin tsotse magani, shi ya sa ake cewa mai feshi ya wanke hannu da sabulu tun kafin ya zaga bayan gida, haka nan kafin ya ci abinci, ko ya ɓare goro, ko ya sha ruwa.

Ga alamun da za ka lura da su, musamman ga dangin maganin ƙwari irin su DDVP, watau wanda ake haɗa fiya-fiya da shi: ciwon kai da jiri, dalalar yawu, gumi mai yawa, hawaye, tashin zuciya da amai, murɗawar ciki da zawo, ƙwayar ido ta tsuke ta zama 'yar mitsitsiya, naman jiki yana motsi shi kaɗai, numfashi yana sarƙewa. In ka ga biyu ko uku daga cikin waɗannan sun haɗu a kan wanda ya yi feshi, to, ba gajiya ba ce, ba kuma iska ba ce.

Sai ka yi haka. Janye shi daga wurin zuwa inda iska ke kaɗawa. Tuɓe masa kayan da suka jiƙe, kai ma ka sa leda ko safar roba a hannunka don kada ka kwashi rabonka. A wanke jikinsa da ruwa mai yawa da sabulu, har gashin kai da ƙarƙashin farce. In ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta kamar minti goma sha biyar. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, domin aman yana iya komawa huhu. In ya fita hayyacinsa, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai. Sa'an nan a garzaya asibiti, kuma a tafi da kwalbar maganin ko takardar jikinta. Ka ji muhimmin abu ke nan da ake yawan mantawa. Likita yana da allurar da ake kira atrofin wadda ke taimakon wanda irin wannan guba ta kama, amma kowace guba da yadda ake bi da ita, sai ya ga sunan maganin zai san inda zai dosa. Kai da ke Darmanawa ma ka yi sa'a, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano nan kusa da kai a titin Zariya. Na ƙauye kuwa ya nufi asibitin da ya fi kusa da shi, in abin ya fi ƙarfinsu su za su tura shi gaba.

TAMBAYA TA BIYU: To yaya zan kare su tun kafin abin ya faru, ga shi kayan kariya sun yi tsada, yaran kuma suna cewa zafi ya hana su sawa?

AMSA: Kariya tana farawa ne tun daga shagon mai magani. Duba lambar rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna, duba kuma ranar da maganin zai lalace. Kada ka sayi maganin da aka ɗura a robar lemo ko kwalbar da ba ta da takarda, komai arharsa. A gindin takardar kwalba za ka ga zane mai launi. Ja, mai hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, shi ne mafi haɗari. Rawaya na bi masa, sa'an nan shuɗi, sa'an nan kore. Ko wanda bai yi boko ba zai iya karanta launi. Don aikin fulawa da shinge a gidan da yara ke wasa, ba ka da dalilin ɗauko mai jan zane. Amma fa kore ma magani ne, ba ruwan sha ba.

Akwai kuma waɗanda hukuma ta hana. Maganin ciyawar nan da ke ƙone ganye cikin yini ɗaya, wanda za ka ga an rubuta Paraquat a jikinsa, Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, NAFDAC kuma ta ba da sanarwar haramta shi a Nijeriya daga ranar 1 ga Janairu 2024. Dalili kuwa, kurɓa ɗaya tana iya kisa, yana lalata huhu a hankali cikin kwanaki, kuma ba shi da makari. A 2019 hukumar ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper da danginsa a kasuwanni da kantuna. Ku kuma 'yan kasuwar hatsi, ku tuna wannan sinadari na DDVP ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen waken Nijeriya a 2015, saboda yawan da aka samu a jikin waken. Abin da ke cutar mai feshi, ka ga, shi ne kuma ke kashe kasuwa.

Batun tsada kuwa, bari mu lissafa abin da ake bukata: riga mai dogon hannu, dogon wando, takalmin roba mai dogon wuya, safar hannu ta roba mai kauri, tabarau mai rufe gefen ido, hula, da takunkumi. A saki ƙafar wando a kan takalmin, kada a cusa ta ciki, don kada magani ya gangara ya taru a ƙafa. Safar yadi ko ta fata ba ta da amfani a nan, tsotse maganin take yi ta riƙe. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ma ƙura kawai yake tarewa, in ya jiƙe da feshi ya zama abin shaƙar guba. Takunkumin kirki shi ne mai matata irin ta masu fenti. Ba dole ne ka saya wa mutum huɗu ba. Ware mutum ɗaya ko biyu, manya masu hankali, su zama su ne masu feshi, ka koya musu, ka saya musu. Ƙaramin yaro, da almajirin da aka ɗauka aikin yini, da mace mai ciki ko mai shayarwa, kada ko kusa su taɓa wannan aiki. Ka auna kuɗin takalmi da safa da kuɗin kwana uku a gadon asibiti, za ka ga wanne ya fi sauƙi.

Maganar zafi gaskiya ce, maganinta kuwa lokaci. A yi feshi da sanyin safiya ko da la'asar sakaliya, a bar tsakar rana. In iska na kaɗawa da ƙarfi, irin ta hunturu ko ta gabanin hadari, a ɗaga aikin. In 'yar kaɗan ce, mai feshi ya tsaya yadda za ta kwashe feshin ta yi gaba da shi, kada ta dawo masa da shi fuska.

Lokacin haɗa magani ya fi lokacin feshi haɗari, domin a nan ne ake taɓa shi tsantsarsa. A haɗa a fili, a auna da ma'aunin da aka ware masa, a dama da sanda, ban da hannu. A bi awon da aka rubuta. Ƙara murfi ɗaya don wai ya fi ci, asarar kuɗi ce da ƙona shuka da cutar da kai. In bakin injin ya toshe, kada a kuskura a busa shi da baki, a kwance shi a wanke da ruwa, a share da tsinken ciyawa mai taushi. Injin da ke yoyo a gyara shi kafin a goya. Bayan an gama, wanka da sabulu nan take, kayan aikin kuma a wanke su daban, kada a haɗa wa uwargida su da kayan yara a baho ɗaya.

Sauran abu uku, kuma sun shafi mutanen da ba su san ma an yi feshin ba. Na ɗaya, ka gaya wa masu gida su tsare yara da kaji da dabbobi, aƙalla har sai ganyen ya bushe sarai, ko iya lokacin da takardar ta faɗa. Na biyu, ciyawar da aka yi wa feshi kada a bar masu kiwo su kwashe wa tumaki da awaki, mun san yadda ake rububin ɗanyar ciyawa a cikin birni. In kuma akwai zogale ko latas ko tumatir a lambun, akwai adadin kwanakin da aka rubuta a jira kafin a tsinka, a cika su. Na uku, kwalba ko jarkar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin injin feshi, sa'an nan a huda ta yadda ba za ta ƙara moruwa ba. Kada a zuba mata ruwan sha, ko man gyaɗa, ko a mai da ita buta. Wanda bai ƙare ba a kulle shi a akwati ko ɗaki na daban, nesa da abinci, nesa da hannun yara.

TAMBAYA TA UKU: Ban da magani, waɗanne haɗurra ne suka fi kamata in sa wa ido?

AMSA: Na farko wayar lantarki. Darbejiya da mangwaro a unguwanninmu sun saba cusa rassa cikin wayoyi. Ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta, tsanin ƙarfe ma haka. Kada yaronka ya hau don wai an ɗauke wuta, domin ba wanda zai yi masa sallama in za a dawo da ita, kuma janaretan maƙwabci da aka haɗa ba daidai ba yana iya turo wuta cikin layi. In reshe ya kusanci waya, a je ofishin KEDCO, kamfanin da ke raba wuta a Kano da Jigawa da Katsina tun 2013, a nemi su kashe layin tukuna. In wuta ta kama mutum, kada a cafke shi da hannu, a fara kashe ta. In babban layi ne, kowa ya ja da baya, a kira ma'aikatan wuta. Wajen hawa kuwa, mutum ɗaya a sama, ɗaya riƙe da tsani, kuma kada kowa ya tsaya ƙarƙashin reshen da ake sara.

Na biyu maciji. Tarin busasshen ganye, da jibgin tukwanen dashe, da gindin shinge mai duhu da laima, nan ne maɓoyarsa. A fara bugun wurin da doguwar sanda kafin a sa hannu, a kuma sa takalmin nan na roba, domin yawancin sara a ƙafa ne da hannu. In tsautsayi ya faɗa, kada a ɗaure wurin tamau da igiya ko roba, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a tsaya neman baƙin dutse. A cire zobe da agogo tun kafin kumburi, a ɗaura wa gaɓar kara ko katako don ta daina motsi, a ɗauki mutumin a kai shi asibiti. Kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, dafinta hana jini daskarewa yake yi, mutum na iya ganin kamar ya samu sauƙi alhali jini na zuba a ciki. Allurar makarin dafi ce maganinsa, ita ce kuma ake ceton mutane da ita a asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe. In kuma maciji mai tofi ya fesa wa mutum dafi a ido, a yi ta wankewa da ruwa, sa'an nan a tafi asibiti.

Na uku ƙarfe da inji. Adda da lauje da almakashin shinge a riƙa wasa su, domin dakusasshen ƙarfe shi ke zamewa ya sari mai shi. Kafin a tada injin yankan ciyawa a tsince duwatsu da kwalabe da guntayen waya, mai yankan ya sa tabarau, jama'a su matsa nesa. Kada a sa hannu a bakinsa sai an kashe shi ya tsaya cik, kada kuma a zuba masa fetur yana da zafi. In ƙararsa ta kai sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, to tana cin kunne a hankali, a nemi abin toshe kunne. Duk wanda ƙarfe ko ƙaya ta yanka, a wanke ciwon da ruwa da sabulu, ban da zuba ƙasa ko toka ko man birki. Ƙwayar cutar tetanus, mai sandarar da jiki ta sarƙe haƙora, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, watau cikin takin da kuke dama da shi kullum. Kai yaranka a yi musu allurar rigakafinta, a kuma tambayi ma'aikacin lafiya lokacin da za a maimaita.

Na huɗu, su kansu tsirran. Farin ruwan tumfafiya da na aguwa da na tinya yana ƙona ido ƙwarai, don haka mai sara ko aske su ya sa tabarau, kada kuma ya murza ido da hannu. 'Ya'yan bini-da-zugu da ake shinge da shi suna sa yara amai da zawo mai tsanani in sun ci, a share su daga tsakar gida.

Na biyar rana. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan kai digiri 40 har ya haura. A yi aiki mai nauyi da safe, a huta a inuwa da tsakar rana, a sa malafa, a ajiye ruwan sha kusa, kuma nesa da kayan feshi. In azumi ya faɗo cikin zafi, a rage awon aikin. Wanda ka ga jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko tangaɗi, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nufi asibiti da shi ba tare da jinkiri ba.

TAMBAYA TA HUƊU: In yaro ya ji ciwo a bakin aiki, wa ke da alhakin jinyarsa, ni ko mai gidan da muke wa aiki?

AMSA: Malam, kai ka ɗauke shi, kai ka aike shi, kai ka miƙa masa kwalbar, saboda haka nauyin farko a wuyanka yake. A Nijeriya akwai Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa. A ƙarƙashinta mai ɗaukar ma'aikata yana zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashin da yake biya, daga asusun kuma ake biyan jinya da diyyar wanda ya ji rauni ko ya rasa ransa a bakin aiki. In sana'arka tana da rajista, ko kana neman kwangila a ofisoshi da kamfanoni, je ofishinsu ka nemi bayani. In kuwa ƙarama ce, to ka riƙa ware wani abu daga kowane aiki don ranar tsautsayi, kuma ka sa kuɗin kayan kariya cikin farashin da kake yanka wa masu gida. Ku ma masu gida da ke sauraronmu, in kun matse mai lambu a ciniki har ya kasa sayen safar hannu, ku sani a jikin wani bawan Allah ragin ya fita.

Kuma yaro abin da ya ga maigidansa na yi shi yake yi. In kai kana dama magani da hannu kana cewa ka saba, ba wanda zai sa safa a cikinsu. Jiki ba ya sabawa da guba. Kowace safiya, kafin a watse, ɗauki minti biyar ka duba injin feshi, ka duba tsani, ka tambayi kowa lafiyarsa, ka tabbata akwai sabulu da jarkar ruwa mai tsabta a cikin kayan da za a fita da su. Iyayen yaran nan amana suka ba ka, yadda suka fito da ƙafafunsu haka ya kamata su koma gida.

To jama'a, a nan za mu dasa aya, lokaci ya yi mana halinsa. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, wanda ya karanta kuma ya karanta wa maƙwabcinsa a majalisa ko a kasuwa. Mai tambaya kan noma, ko kiwo, ko ajiyar hatsi, ya rubuto mana, ƙofarmu a buɗe take. Allah Ya tsare mu da tsautsayi da asara, Ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.